Babi na Biyar: Tarihin Ciwonka Yana Hannun Wa?

Me ya sa duk asibitin da mutum ya shiga sai an yanka masa sabon kati, a sake yi masa tambayoyin da ya amsa jiya a wani asibitin, a sake ɗibar jininsa don gwajin da ya biya kuɗinsa makon jiya? Ana jin wannan tambaya a bencin jiran likita a Argungu, ana jin ta a harabar asibitocin Birnin Kebbi, ana jin ta cikin motar haya mai kai majinyata Sakkwato. Masu yin ta manoma ne da masunta da 'yan kasuwa, da matan da ke tara takardun asibiti cikin leda suna adanawa a ƙasan akwati. Kuma suna da gaskiya, domin duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san abin da wannan maimaici yake ci: kuɗi, da yini guda na neman abinci, wani lokaci har da rai.

Gajeriyar amsa ita ce, kowane asibiti nasa kawai ya sani. Abin da aka rubuta a kanka a nan yana nan, ba ya bin ka can. Bari mu bi sawun matsalar daga tushe, mu ga abin da waya da kwamfuta za su iya yi a kanta, da kuma inda ƙarfinsu ya tsaya.

Daga ƙauye zuwa birni

Mu ɗauki misalin wata mai juna biyu a ɗaya daga ƙauyukan bakin fadama na ƙasar Argungu. Tana zuwa awo a ƙaramin asibitin mazaɓarsu. A zuwa na uku malamar asibiti ta ga jininta ya hau, ta rubuta a babban littafin awo, ta rubuta a katin da ke hannun matar, ta ba ta magani, ta ce ta dawo bayan mako biyu. Kafin ranar ta zo, jijjiga ta kama ta cikin dare. Aka garzaya da ita ƙaramin asibitin, wanda ke bakin aiki ya yi mata allura, ya ce a wuce da ita babban asibitin Argungu. Cikin wannan ruɗani ba wanda ya tuna da kati.

Likitan da ya karɓe ta zai juya wurin mijin: "Malam, cikin wata nawa ne? Dama tana da hawan jini? An yi mata wata allura kafin ku taso?"

"Wallahi likita, an dai yi mata allura, amma ban san ta mece ce ba. Katin kuma yana gida."

Wannan amsa tana da nauyi ƙwarai. Maganin da ake tsayar da jijjigar masu ciki da shi, maganiziyam salfet, bisa ƙa'ida ake ba da shi: kashin farko mai yawa, sannan a riƙa bi da kaɗan-kaɗan a kan lokaci. Idan aka maimaita kashin farko cikin rashin sani, yana iya danne numfashin mace. Idan aka riƙe shi don gudun kada a ce an riga an bayar, jijjigar tana iya dawowa. Layi biyu na rubutu likitan yake bukata, sunan allurar da ƙarfe nawa aka yi ta, ga su can cikin wani littafi a ƙauye.

In lamarin ya fi ƙarfin Argungu sai a nufi Birnin Kebbi, tafiyar kilomita 50 da ɗoriya, ko Asibitin Sir Yahaya ko asibitin gwamnatin tarayya. Can ma sabon kati, sabon fayil. Wanda ciwonsa ya kai ga gashin cutar daji kuwa, sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wata jiha ke nan daban.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren da ba a cika magana a kai ba, kuma ni shi ya fi damuna. A ce Allah ya sauki matar lafiya ta koma gida. Malamar da ta fara gano hawan jinin ba za ta samu ko 'yar takarda da ke gaya mata abin da ya wakana ba: an yi tiyata ko ba a yi ba, wane magani aka sallame ta da shi, yaushe ya kamata a sake auna ta. Sai dai ta ji a bakin maƙwabta. Alhali ita ce ke kusa da matar, ita za ta gan ta ranar da ta kawo jariri rigakafi, ita ce kuma za ta karɓe ta a ciki na gaba.

Ba sakacin wani mutum ɗaya ya jawo haka ba. Tsarin ne aka gina hawa-hawa, kowane hawa da mai shi. Ƙananan asibitocin mazaɓu suna hannun hukumar lafiya matakin farko ta jiha tare da ƙananan hukumomi 21. Manyan asibitoci na ma'aikatar lafiya ta jiha ne. Asibitin tarayya daga Abuja yake karɓar umarni. Ga asibitocin kuɗi, ga ɗakunan gwaji masu zaman kansu, ga kemis, wanda shi ne zangon farko na da yawa daga cikinmu, kuma ba kasafai yake rubuta abin da ya ba wa mutum ba. Kowa da littafinsa, kowa da lambar da yake laƙaba wa mara lafiya.

Ina rubutun yake tafiya?

Mai karatu zai ce, to ai kullum ana rubutu a asibiti, ina yake zuwa? Duk wanda ya leƙa teburin malamin ƙaramin asibiti zai ga manyan littattafai jere: na masu zuwa neman magani, na awon ciki, na haihuwa, na rigakafi, na tazarar haihuwa. Ƙarshen wata malamin zai zauna ya ƙirga, ya cika takardar jimla, a kai wa jami'in tattara bayanai na ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar cikin wata manhaja mai suna DHIS2. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ce ke kula da ita, amma tushenta Afirka ta Kudu ne, bayan rushewar mulkin wariyar launin fata, sa'ad da aka so haɗe bayanan asibitocin da a da aka raba tsakanin farare da baƙaƙe. Yau ƙasashe fiye da 70 ke aiki da ita, har da Najeriya. Da ita jami'i a Abuja zai ga yara nawa aka yi wa allurar ƙyanda a ƙaramar hukumar Augie a watan jiya.

Wannan ci gaba ne na gaske, kada a raina shi. Sai dai a lura da abin da ke hawa saman: adadi ne. Za a ga, misali, mata 40 sun zo awo, 3 suna da hawan jini. Su wa da wa ne ukun, ina suke yanzu, wannan ya tsaya a littafi. Bayanin yana hawa wurin masu tsara kasafi, ba ya ratsawa gefe wurin likitan da zai ga matar gobe. Malamin ya sha wahalar rubutu, amfanin ya tsallake shi, ya tsallake mara lafiyarsa.

Abin da annoba ta koya mana

Wanda ke shakkar ko na'ura za ta yi aiki a ƙasarmu, ya dubi yaƙin da aka yi da shan inna. An daɗe masu ɗiga rigakafi suna fita da taswirar da aka zana da hannu, su dawo su ce sun gama unguwa. Daga wajajen 2012 aka fara zana taswirar jihohin Arewa daga hoton tauraron ɗan'adam, ana kuma ba ayarin masu rigakafi waya mai nuna duk inda ƙafarsu ta taka. Sai ga rugage da tungaye da unguwannin bayan gari da ba sa cikin taswirar kowa. Ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano tana cikin waɗanda suka riƙe wannan aiki. Sarakuna da malamai da dubban mata masu shiga gida-gida su ne ƙashin bayan yaƙin, na'ura kuma ita ta nuna musu inda aka tsallake. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Sanƙarau kuwa, mutanen kwarin Rima ba sa bukatar a gaya musu mene ne shi. A ƙarshen 2016 ya ɓulla a Zamfara, aka shafe makonni kafin labarin ya kai Abuja yadda ya kamata. Kafin damina ta 2017 ta lafar da shi, an lissafa mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu, Sakkwato da Kebbi da Katsina da Neja duk abin ya taɓa su. A lokacin annoba, duk kwanan da labari ya makara, rigakafi ma ya makara. Irin wannan jinkiri ne ake son kashewa da manhajar SORMAS, wadda hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta gina tare da masana daga Jamus bayan Ebola ta shigo Legas a 2014. Jami'in sa ido na ƙaramar hukuma zai shigar da bayanin wanda ake zargin ya kamu a wayarsa, nan take jiha da Abuja da ɗakin gwaji su gani. Lokacin korona a 2020 aka yaɗa ta ko'ina a ƙasar. Bukatar kuma ba ta kau ba, don a watan Maris na 2025 sanƙarau ya sake kashe mutane a Gwandu da Jega da Aliero.

Haka masu shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki. A asibitocin da ke ba da maganin ana shigar da kowane mutum a kwamfuta, ana ɗaukar zanen yatsansa, bayanin yana taruwa a rumbu ɗaya na ƙasa, ta yadda za a san wanda ya daina zuwa karɓar magani a neme shi.

Abin lura a duk waɗannan shi ne, kowace cuta ta haƙa tata hanyar ita kaɗai, da kuɗinta da manhajarta da ma'aikatanta. Shi kuwa mutum ba cuta ɗaya yake yi ba. Matar da ke shan wancan magani ita ce mai ciki, ita ce mai hawan jini, ita ce uwar yaron da ke jiran rigakafi.

Yadda kuɗi suka riga lafiya haɗuwa

Yau dillalin shinkafa a kasuwar Argungu zai tsaya wurin mai POS, ya tura kuɗi daga bankinsa zuwa asusun manomi a wani banki daban, kafin a gama ɗinke bakin buhu alat ya shigo. Bankunan nan abokan gasa ne, kowanne da kwamfutarsa da manhajarsa, ba wanda ya miƙa wa wani littafinsa. Abin da suka yi shi ne suka amince da hanya ɗaya ta tsakiya da saƙon kuɗi ke bi, wadda ta fara aiki a 2011, da ƙa'ida ɗaya ta rubuta saƙon, sannan da lamba ɗaya ga kowane mutum, wato BVN, daga 2014. Manoman Kebbi sun san wannan lamba da wuri, tunda a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamba na 2015, kuma a lokacin sai da asusu da BVN ake shiga.

Abin da masana ke nufi da haɗaɗɗen tsarin lafiya bai wuce wannan ba. Ba sai kowane asibiti ya sayi manhaja iri ɗaya ba. Ana bukatar hanya, da ƙa'ida, da lamba. Ƙa'idar tana nan an riga an tsara ta a duniya: Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin da ya ba kowace cuta lambarta, akwai kuma tsarin musayar bayanan asibiti da ake kira FHIR, wanda ke fayyace inda za a sa sunan magani, inda za a sa sakamakon gwaji, yadda kowace kwamfuta za ta fahimta. Wannan ɓangaren aikin injiniyoyi ne, kuma ba shi ne mai wuyar ba.

Mai wuyar ita ce lambar, don nan ne aikin ke karo da yadda muke rayuwa. A littafin awo guda za ka samu A'isha Abubakar biyar, Hauwa'u Muhammad huɗu. Da yawa ba a rubuta ranar haihuwarsu ba. Wata yau ta ba da sunan mahaifinta, gobe na mijinta. Wata kunya ba za ta bar ta ta ambaci sunan miji ko na ɗan fari ba, sai ta ba da laƙabi. Lambar wayar da aka rubuta ta miji ce, ko ta ƙanin miji, kuma layin na iya canzawa kafin shekara. Idan kwamfuta ta haɗe A'isha biyu ta mai da su mutum ɗaya, za a iya ƙara wa wata jinin da ba rukuninta ba. Kuskuren na'ura a nan ya fi na takarda muni, domin mutane sun fi gaskata abin da suka gani a allo.

Akwai lambar ɗan ƙasa, NIN, mai alƙaluma 11, kuma ita ce ta fi cancanta ta zama ginshiƙi. Indiya ta bi wata hanyar, tun 2021 take ba jama'arta lambar lafiya ta musamman mai alƙaluma 14. Kowacce aka zaɓa, akwai waɗanda za su zo ba su da ita: jaririn da aka haifa jiya, makiyayin da ke wucewa, da 'yan'uwanmu na Doso da Dogondutsi da Gaya, waɗanda ke tsallako iyaka ta Kamba ko Kangiwa neman magani kamar yadda suka saba tun kafin a shata iyakar. Saboda haka dole a kafa sharaɗi tun daga farko, a rubuta shi ɓaro-ɓaro: ba a mayar da mara lafiya don ba shi da lamba. A ba shi ta wucin gadi, a duba shi, a daidaita daga baya.

Allura huɗu

Ga wani aiki da ke gabanmu yanzu, wanda zai nuna ko da gaske muke. Binciken ƙasa kan zazzaɓin cizon sauro na 2021 ya gano ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi, mafi yawa a duk Najeriya, inda jimlar ƙasa take kashi 22. Fadamar da ke ba mu shinkafa da kifi ita ke renon sauron. Wannan ya sa da Najeriya ta fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a watan Disamba na 2024, Kebbi da Bayelsa aka fara zaɓa.

Allurar sau huɗu ake yin ta: yaro yana wata 5, da wata 6, da wata 7, sai ta ƙarshe yana wata 15. Tsakanin ta uku da ta huɗu wata takwas ke nan, kuma cikin wata takwas abubuwa da yawa suna faruwa. Masunta sun bi ruwa, makiyaya sun yi kudu, iyali sun tafi ci-rani, uwa ta koma gidan iyayenta, kati ya jiƙe a damina. Da littafi kaɗai, malamar rigakafi sai ta bi shafi-shafi kafin ta gane yaran da ba su dawo ba, ga layin mata na jiranta a waje. Yaron da ya fara a Gulma ya ƙarasa a Birnin Kebbi kuwa, littafin Gulma zai nuna ya ɓace, na Birnin Kebbi bai san inda ya tsaya ba.

Da rajistar rigakafi ta na'ura mai bin kowane yaro da sunansa, wayar malamar za ta fito mata da jerin waɗanda lokacinsu ya yi a makon nan, ta miƙa wa masu bi gida-gida ko mai unguwa. Ruwanda ta yi makamancin haka da mata masu ciki tun wajajen 2010, da saƙon tes kawai a ƙaramar waya: ma'aikacin lafiya na ƙauye ya yi rajistar mai ciki, tsarin ya riƙa tuna masa ranar awonta, in ya ga alamar haɗari ya aika saƙo asibiti ya shirya. Ba a jira babbar waya ko intanet mai ƙarfi ba.

Wuta, sabis da ruwa

Duk wanda zai tsara irin wannan aiki yana zaune a ofis mai sanyi, ya kamata ya fara zuwa ya kwana a ƙauye. A watan Satumba na 2023 gobara ta kama tashar wutar lantarki ta Birnin Kebbi, jihar da maƙwabtanta suka shiga duhu. A 2021 an rufe layukan waya baki ɗaya a Zamfara da wasu sassan Sakkwato da Katsina saboda matsalar tsaro, makonni ba sabis. A daminar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi, ta karya gadoji, ta yanke garuruwa. Ba a daina haihuwa ba a ko ɗaya daga waɗannan lokuta.

Don haka manhajar da ba ta aiki sai da intanet ba tamu ba ce. Wadda ta dace da mu ita ce mai ajiye bayani a cikin wayar, ta tura shi duk sa'ad da sabis ya dawo. Caji kuma daga sola, kamar yadda firijin rigakafi ke aiki da sola a ƙananan asibitoci da dama. Katin hannu ma kada a yi gaggawar jefar da shi. A buga masa lamba ko tambarin da waya ke karantawa, ya zama mabuɗin fayil, in komai ya tsaya kuma ya tsaya da ƙafarsa.

Sai ma'aikacin kansa. A ƙananan asibitoci da yawa mutum ɗaya ko biyu ne ke awo, su yi rigakafi, su karɓi haihuwa, su ba da magani. Idan kowane shiri ya zo masa da tasa wayar da tasa manhajar, sannan aka ce kada ya bar cika littafi, an ninka masa aiki ne, kuma lokacin da zai ɗauka yana latsa waya daga lokacin mara lafiya aka cire shi. Ma'aunin da zan auna kowace sabuwar manhaja da shi guda ne: shin malamar tana rubuta abu sau ɗaya, jimlar wata ta fita da kanta, ita kuma ta samu abin da zai taimake ta gobe da safe? In amsar a'a ce, za ta cika ta ne don tsoron mai duba aiki, kuma bayanin da aka cika don tsoro ba abin dogaro ba ne.

Sirrin mara lafiya

A wurinmu ciwo sirri ne. Akwai matar da ta yi jinyar yoyon fitsari ta warke, ba ta son dangin sabon mijinta su ji. Akwai mai shan maganin taɓin hankali, akwai wadda ta yi ɓari, akwai saurayin da gwaji ya nuna yana ɗauke da sikila ana tsakiyar maganar aurensa. A gari kamar Argungu, mai kula da ɗakin kati maƙwabcin wani ne, surukin wani ne. Fayil na takarda ma yana iya faɗawa hannun da bai kamata ba, amma ɗaya-ɗaya. Rumbun kwamfuta in ya tsiyaye, na dubbai ne zai zube lokaci guda.

Doka tana nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibiti adana bayanan mara lafiya da rufa masa asiri, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. Abin da ya rage shi ne a gina wannan cikin na'urar kanta. Mai yankan kati ya ga suna da adireshi kawai, mai ba da magani ya ga takardar magani, likita ya ga sauran. Istoniya, ƙaramar ƙasa a Turai da ta haɗe bayanan lafiyar jama'arta tun 2008, ta ƙara wani abu mai kyau: duk wanda ya buɗe fayil ɗinka sunansa yana zama a rubuce, kai ma kana iya dubawa ka gani, wanda ya leƙa ba dalili kuma ana hukunta shi.

Akwai wani ƙaramin abu da masu tsara manhaja daga nesa ba za su hango ba. Saƙon tunatarwa da aka tura wa mace, sau da yawa a wayar miji zai sauka, ko yaron gida ne zai karanta mata, ko ya faɗa idon kishiya. Saboda haka a tambaye ta tun farko ko tana son saƙo, kuma saƙon kada ya ambaci ciwo. Ya isa a ce ranar zuwanta asibiti ta yi. Ranar da mata suka ji cewa abin da suka faɗa a ɗakin awo yana yawo, za su daina faɗa, wasu ma su daina zuwa.

Daga ina za a fara?

Ingila ta gwada farawa daga sama. A 2002 ta ɗauko gagarumin shiri na sa dukkan asibitocinta cikin tsari ɗaya, aka ba manyan kamfanoni kwangila, ba a saurari likitoci da nas-nas yadda ya kamata ba. A 2011 aka wargaza shirin, kuɗin da ya ci ya kusa fam biliyan 10. Jihar Kebbi ba ta da irin wannan kuɗin da za ta yi asara.

A matakin ƙasa an yi tsarin fasahar sadarwa a harkar lafiya na 2015 zuwa 2020, a 2024 kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ɗauko sabon shiri na haɗa bayanan lafiyar ƙasa ta na'ura. Wannan aikin Abuja ne, shimfiɗa ƙa'ida da hanya. Amma jiha ba sai ta zauna jira ba. A ganina wurin farawa shi ne takardar tura mara lafiya, ita da amsarta. A ɗauki ƙananan asibitocin ƙasar Argungu, da babban asibitin garin, da asibitocin Birnin Kebbi, a fara da masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Duk wanda aka tura, bayaninsa ya riga shi isa: me aka gani, me aka ba shi, ƙarfe nawa. Duk wanda aka sallama, bayani ya koma wurin wanda ya turo shi. In wannan ya zauna, a ƙara sakamakon gwaji, a ƙara magani, a faɗaɗa zuwa Yawuri da Zuru.

Akwai igiyar da gwamnati za ta ja. Dokar 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya matakin farko, ana tura wani kaso kai tsaye ga zaɓaɓɓun asibitocin mazaɓu, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KECHEMA, ita ma tana biyan asibitoci kuɗin waɗanda ta yi wa rajista. Mai biyan kuɗi yana da bakin kafa sharaɗi. Kada a sayi manhajar da ba ta iya musayar bayani da sauran. Bayanan su zama mallakar jiha da marasa lafiyarta, kada kamfani ko ƙungiyar agaji ta tafi da su ranar da kwangila ta ƙare. A kuma sa kuɗin data da gyara da horar da ma'aikata cikin kasafin kowace shekara, domin wayar da aka raba ranar biki, in allonta ya fashe ba mai gyara, aikin ya tsaya ke nan.

Kafin a kai can, kai mai karatu akwai abin da ke hannunka. Ka tara takardun asibitin kowane mutum na gidanka wuri ɗaya, ka ɗauki hotonsu a waya. In za a tura ku wani asibiti, ka roƙi a rubuta maka abin da aka yi da maganin da aka bayar, in an sallame ku kuma ka kai takardar sallamar ga malamin da ya turo ku. Haƙƙinka ne, ba alfarma ba.

Sai dai bayani ko ya riga mara lafiya isa, ba ya zama jini a jikin mai naƙuda, ba ya zama magani a kan kanta. A babi na gaba za mu shiga sito da ma'ajiyar jini, mu ga dalilin da ya sa magani ke ƙarewa a wani asibiti alhali yana lalacewa a wani, mu kuma duba abin da Kaduna ta gwada tun 2022 na aika jini da rigakafi ƙauyuka da jirage marasa matuƙi.